Makullin Gidan Saley na Bakin Teku

Saley ɗan yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya muke da ubansa. A gabana aka haife shi a Tasawa, ni na yi masa wankan farko, saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba ji na yi a bakin wani ba. Tun yana ƙarami yake da wani ciwo da ba a sha masa magani: bakinsa bai iya cewa a'a ba. In an aike shi kasuwa, sai ya dawo da saƙon maƙwabta a ka, namu kuwa ya manta shi. Uwarsa, Allah ya ji ƙanta, tana cewa kirki ne. Na ce mata ta jira ya yi gemu.

Bai yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, ba. Ya yi zaman shago a Maraɗi wajen Alhaji Zailani mai shadda da atamfa, kuma Alhajin ne ya yi masa hanya ya zo Faransa. Wannan alheri Saley bai taɓa sauke shi daga kansa ba. Ya fara da aikin ɗaukar ƙarfe a wani izin, wato masana'anta, da ke gefen Lyon, can ya bar rabin bayansa. Daga baya ya koma Paris ya kama ɗan butiki, wato shago, a unguwar Belleville, yana tara kaya yana aika wa 'yan kasuwar gida: firigo, wato firji, na hannu, keken ɗinki, turare, shadda. Ya auro Sahadatou daga Damagaram, suka zauna a Sevran, can saman wani bene mai asansar, na'urar hawa da sauka, da ke aiki ranar da ta ga dama.

Ni kuwa a Lyon nake. Ɗiyata Husainatu ce ta haihu, mijinta yana aikin binciken magani a can, aka ɗauko ni in yi mata wankan jego. Jego ya ƙare, wani ciki ya shigo, ni ma na daina tambayar ranar komawa.

Gidan Saley na Sevran, ban san ko gida zan kira shi ko tasha ba. Ɗan makarantar da bai sami ɗaki ba yana can. Ɗan kasuwar da ya zo sarin kaya yana can. Wanda aka turo asibiti daga Yamai yana can, shi da mai jinyarsa. Na taɓa kwana biyu a wurinsu, da safe sai da na tsallake ƙafafun mutane kafin in kai ga buta. Mai gidan da kansa a lungun ƙofa yake shan shayinsa a tsaye, kamar wanda ya zo karɓar saƙo.

A shekarar tamanin da uku ne bayan nan ya fara hana shi ruku'u. Likita ya ce masa abin da yake bukata ba a kwalba yake ba, ya nemi wuri mai ɗumi ya kwanta wata guda a kowace shekara, ba ɗauka ba saukewa. Ana cikin haka, wani tsohon nasara mai gyaran takalmi kusa da butikinsa ya ce uwarsa ta rasu ta bar ɗan apartama, wato gida a cikin bene, a bakin teku, wajen Montpellier, yana neman mai saye. Saley ya hau jirgin ƙasa ya je ya gani. Da zai dawo ya sauka a Lyon, ya zauna gabana yana murmushi shi kaɗai.

Na ce, "Kai kuma lafiya? Aure za ka ƙara?"

Ya ce, "Gwaggo, na zauna a balkon gidan nan, 'yar barandar sama, tun azahar har la'asar. Ruwa ne kawai, iyakar ganinki. Ba wanda ya kira sunana."

Ban yi masa dariya ba. Na san abin da ya je saye ke nan.

Gidan ɗaki biyu ne da ɗan madafi, kuma tsohuwar ta bar shi yadda tsofaffi ke barin gida. Bango ya sha laima ya kumbura, gishirin teku ya cinye ƙarfen tagogi, kafet ɗin ƙasa kuwa karenta ya riga ya mallake shi. Saley ya ce ba zai kira ma'aikata ba, shi da abokinsa Ɗan Juma za su yi. Ɗan Juman nan direban kamyonet ne, 'yar motar ɗaukar kaya, mutumin Madarumfa, bakinsa ya fi hannunsa aiki. Duk ƙarshen makon da suka samu sai su ɗoro siminti da karon daɓen ƙasa da fenti, su tsaya a Lyon su ci tuwona, su wuce kudu.

Suka yaye kafet suka shimfiɗa karo. Suka fidda bahon wankan nasara, suka sa famfo ƙasa-ƙasa yadda mutum zai yi alwala ba sai ya ɗaga ƙafa kamar zakara ba. Ya shafa wa tagogi kore irin na ɗakunan Tasawa. Shugaban masu benen ya hau ya ce tagogin bene duka launi ɗaya ne, fari, haka doka take. Saley ya ce to, ya kankare ya sake. Ka ga mutumin da aka ce ya huta saboda baya, shi ne ke hawa da buhun siminti a wuya don ya gina wurin hutawa. Na faɗa masa. Ya ce, "Na ƙarshe ke nan, Gwaggo." Buhun ƙarshen nan na ji labarinsa har na gaji.

Da aka zo kayan ɗaki ne aka yi kuskuren da ya fi kowane. A falon Husainatu suka yi gardamar, shi da matarsa, ina zaune ina tsinke zogalen da aka aiko mana.

Sahadatou ta ce, "Malam, gado ɗaya, shimfiɗar yara, kujera biyu, ƙaramar tukunya. Shi ke nan."

Ya ce, "In baƙo ya zo fa?"

"Wane baƙo? A ƙarshen ƙasa?"

"Mutum ya zo gidana ya kwana a kan karo? Me za a ce a gida?"

Ta juyo wurina. "Gwaggo, ki yi masa magana."

Na ce, "Ɗiyata, tun kafin a haife ki nake yi masa magana."

Ya sayi matala, wato katifu, na soso, ya jibge su a kusurwa har suka kusa taɓa silin. Ya sayi tukunyar da za ta ciyar da masu suna, da babban faranti, da butoci jere kamar na ƙofar masallaci. Gadon kuwa mai kyau ya saya, mai tauri, irin wanda likita ya ce, aka hau da shi da kyar.

Sai kuma addu'a. Mu dai ba mu shiga sabon gida haka kawai, sai an yi addu'a an yi sadaka, wannan ba ni da ja a kai. Amma malami ɗaya da mutum biyu sun isa Allah ya ji. Saley ya gayyaci rabin Belleville. Motoci suka biyo ta Lyon suka ɗauke ni. Ranar ce na fara ganin teku, kuma gaskiya abin kallo ne, sai dai ni ba ruwan nake kallo ba, idanun mutane nake kallo. Na ga sun leƙa balko, sun dawo sun tsaya a kan tarin matalan nan. Wani har ya danna da yatsa ya ji laushi. Da aka shafa fatiha, Saley ya miƙe cike da murna, ya ce, "Jama'a, gidan nan naku ne. Duk mai so, ƙofa a buɗe take."

Kowa yana faɗin haka ranar shiga gida. Bambancin shi ne, kowa ya san Saley ba zai iya janyewa ba.

Da yake Lyon a kan hanya take, sai aka ce makulli ya zauna a wurina, mai tafiya ya biyo ya karɓa, mai dawowa ya ajiye. Haka na zama mai gadin gidan da sau ɗaya na taɓa shiga. Tun daga watan shida ake fara sallama. Masu sabon aure. Ɗalibai da suka gama jarrabawa. Wani da matarsa ta yi ɓari aka ce iska za ta yi mata amfani, wannan ban ji haushi ba. Wani kuma da ban taɓa gani ba ya ce shi ƙanin abokin Ɗan Juma ne. Kowa da maganarsa guda: "Malam Saley ya ce in zo in karɓa." In na buga masa tarho sai ya ce, "Ba shi, Gwaggo. Kwana kaɗan ne."

Watan takwas kuwa, watan da Paris ke rufe shaguna, watan da shi kansa yake iya barin butiki, wannan na Alhaji Zailani ne. Shekarar farko ya zo sarin kaya, aka kai shi ya ga wuri, ya ce iskar ta karɓe shi. Daga nan ya mai da ita al'ada. Yakan sauka da Hajiyarsa da 'ya'ya da wani ɗan'uwa mai riƙe jaka, ya hau gadon nan mai tauri ya yi wata guda, ya koma Maraɗi yana ba da labarin gidan yaronsa na bakin teku.

Saley sai a watan goma yake zuwa, da akwatin kayan aiki, in garin ya mutu an rufe ko'ina. Ya toshe famfo, ya sake fentin da hayaƙin gashi ya ɓata a balko, ya sauka ya ba matar ƙasa haƙuri don an wanke ɗaki da bokiti ruwa ya zubo mata ta silin. Ya yi Asabar da Lahadi yana durƙuso, ya kamo hanya. In ya tsaya a wurina, sai ya dafa bango kafin ya zauna.

Na ce masa wata rana, "Saley, gida ka saya ko aiki ka ƙara?"

Ya ce, "Albarka ce, Gwaggo. Mutane suna sa mini albarka."

"To ka shafa ta a bayan mu gani."

Haka aka yi ta yi har shekarar tamanin da takwas. Cikin bazara ya sunkuya zai ɗaga kan keken ɗinki a butiki, bai miƙe ba. Sai da aka kira motar asibiti. Wannan karon likita bai yi masa lallashi ba, ya ce ga baya ga hawan jini, in bai kwanta bana ba, baɗi wasu ne za su kwantar da shi. Da ya fito, Sahadatou ta sako shi a jirgi suka zo Lyon takanas. Ta tsaya a kansa kamar mai karɓar haraji.

Ta ce, "Faɗa mata, Malam. Da bakinka."

Ya dubi ƙasa ya ce, "Gwaggo, bana kar ki ba kowa makullin. Watan takwas mu za mu je, ni da iyali."

Na ce, "Kowa?"

"Kowa."

"Ko an ce kai ka ce?"

"Ko an ce ni na ce."

Na zare makullin daga ƙusa, na sa masa igiya na rataya a wuya, cikin riga. Rabon da in ji daɗin aiki irin na bazarar nan tun ina sayar da fura. Ɗalibai suka zo, na ba su ruwa na nuna musu hanyar gar, tashar jirgin ƙasa. Ɗan Juma da kansa ya zo, ya gaishe ni har da durƙusawa, abin da bai saba ba.

Ya ce, "Gwaggo ta gari, Gwaggo mai tuwon da ba a mantawa."

Na ce, "Tuwo akwai. Makulli babu."

"Haba Gwaggo! Ni fa na shimfiɗa karon gidan nan da hannuna."

"Shi ya sa ya karkace. Ci ka tashi."

Ya ci, ya ƙara, ya tafi yana cewa an ba kura ajiyar mulki. Ban damu ba.

Ana saura kwana kaɗan watan takwas ya kama, Sahadatou ta riga ta ɗaure kaya, yara sun sayi robar iyo, sai ga tasi a ƙofar benenmu. Alhaji Zailani ne da jama'arsa, daga filin jirgi. Bai aiko ba, don a ganinsa ba a yi wa gida sallama da wasiƙa. Ya tsufa shi ma, yana jan ƙafa. Muka gaisa, muka tambayi gida da damina da mutanen Maraɗi ɗaya bayan ɗaya. Na kawo abinci suka ci. Sannan ya goge hannu ya ce, "To Hajiya, a ba mu makulli mu rage hanya."

Na ce, "Alhaji, ban je Makka ba tukuna, kar ka ɗora mini. Makulli kuwa ga shi a wuyana, amma bana mai gidan ne zai shiga. Ba shi da lafiya."

Ya yi dariya. "Ai ɗana ne. Ya zo mu zauna tare, wuri ya isa."

"Gadon ɗaya ne, Alhaji. In kana ciki, ka san ba zai hau ba. Zai kwana a ƙasa, ya tashi ya yi maka cefane."

Fuskarsa ta canza. Hajiyarsa ta fara gyara mayafi. Ya ce, "Yaron da na ɗauko daga bayan kanta, yau ni ake tsarewa a ƙofarsa?"

Na ce, "Ba shi ya tsare ka ba, ni ce. Ni kuwa ba ka ɗauko ni daga ko'ina ba."

Ya nemi tarho. Surukina, mutum mai kunya, ya buga masa lambar ya fice daga falon. Ban ji abin da Saley ya ce ba, na dai ji Alhaji yana cewa, "A'a, ba komai. Ba komai, Saley. Mu koma otel, ai akwai otel a garin nasara." Irin ba komai ɗin da ke da komai a ciki. Suka tafi otel ɗin kusa da gar.

Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa. Saley ne, shi kaɗai, ba jaka, ya biyo jirgin safe. Ya yi baƙi ya rame, yana tafiya a karkace. Bai zauna a kujera ba. Ya dafa hannun kujerar ya sauka a hankali har ƙasa, ya tsuguna gabana, da bayan nan nasa.

Na ce, "Tashi, kar ka ƙarasa kanka a falon mutane."

"Gwaggo, ki ba ni."

"Kai ka ce ko an ce kai ka ce."

"Na sani."

"Likita ya ce me?"

"Na sani, Gwaggo." Sannan ya ce, "Tun jiya ban runtsa ba. Alhaji yana otel, a ƙasar da nake da gida. In na je can na kwanta a gadon nan, kina ganin barci zai zo? Zan kalli ruwa ne ina ganin fuskarsa."

Na daɗe ina dubansa. Ina da maganganu da yawa a baki, masu kaifi, na tanade su tun daren jiya. Amma gaskiya ya faɗa. Na san shi tun yana tsumma. Ko na ɗaure shi a gadon nan da igiya, ba zai huta ba. Na ciro igiyar daga wuyana na jefa masa a cinya.

Na ce, "Kai masa. Amma ka dawo nan ka ci abinci kafin ka hau jirgi."

Ya kai, ya raka su har cikin jirgin kudu, ya ɗora musu jakunkuna duk da na hana. Ya dawo bayan azahar. Na zuba masa tuwo da miyar kuka, ya ci loma kaɗan. Akwai ɗan ɗakin da nake kwana da jikoki, tagarsa tana kallon layin dogo, ba abin gani sai wayoyi da bayan wani gareji. Ya ce bari ya ɗan miƙe kafin lokacin jirgi. Na shimfiɗa masa bargo a ƙasa. Kafin in dawo da matashi ya yi barci, baki buɗe, hula a gefe.

La'asar ta yi ban tashe shi ba sai da ta kusa fita. Ya yi salla a zaune ya koma. Jirgi ya tafi abinsa.

Na sa Husainatu ta buga mini Sevran. Na faɗa wa Sahadatou yadda aka yi. Ta cikin tarho ina jin ƙaramin ɗansu yana tambaya ko gobe ne tafiya. Sannan ta ce, "Gwaggo, riƙe shi a nan. In ya dawo, akwai mutum biyu a falo suna jiransa da takardun asibiti. Ni zan ji da yara da butiki."

Sai ga shi abin ya daidaita ba da dabarar kowa ba. Mutanen Paris sun san ya tafi kudu, suna zaton yana bakin teku. Alhaji yana bakin teku, yana zaton ya koma Paris. Wanda ya bugo nan yana cigiya, ni ke ɗauka, in ce, "Ku neme shi a gidansa," in ajiye.

Ya yi watan nan a ƙasan ɗakina. Ya ci, ya yi salla, ya kwanta. Jikoki suka koyi tafiya da sanɗa. Wani lokaci da yamma yakan jawo kujera bakin taga ya zauna yana kallon jiragen kaya suna wucewa. Zafin Lyon a watan takwas ba daɗi gare shi ba, ɗakin kuma ƙanƙane ne, ga warin man gareji. Bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Wajen ƙarshen wata ya fara ruku'u ba tare da ya cije leɓe ba.

Bayan bai warke ba, kar wani ya ce na ce. Gidan teku kuma yana nan, da matalansa, an ce matar ƙasa ta sake kai ƙara. Ranar da zai koma Paris na raka shi bakin asansar. Ya tsaya yana juya hula a hannu.

Ya ce, "Gwaggo, baɗi in Allah ya kai mu, ko ɗakin nan..."

Na ce, "Yana nan. Amma ka faɗa wa mutum ɗaya, ko Ɗan Juma ne, ka tarar na sa sakata."

Ya ce to. Asansar ta zo, ya shiga yana dafa bango.